Ina son zama lauyan talakawa amma Baba gona ya sayar ya biya min karatu

Saƙon wannan makon daga wani matashin lauya ya zo, ya roƙi a sakaya sunansa, na ɗan rage masa tsawo.

"Assalamu alaikum Yaya Barista. Ni sabon lauya ne, a Bagauda na yi makarantar lauyoyi, bara aka rantsar da mu. Bautar ƙasa ta kai ni ofishin da ake tsaya wa marasa ƙarfi a kotu kyauta, kuma wallahi tunda na fara shiga gidan yari na ga mutanen da ke zaman jiran shari'a raina bai ƙara kwanciya da wani aikin ba. Yanzu saura wata ɗaya mu gama. Wata ƙaramar ƙungiya a nan Kano ta ce in zauna da su, amma kuɗin mota kawai za su iya ba ni sai in sun samu tallafi. Shi kuma Baba wani abokinsa ya samo min gurbi a wata babbar cemba, wato ofishin lauyoyi masu zaman kansu, a Abuja. Baba gonarsa ya sayar ya biya min kuɗin makarantar lauyoyi, ina da ƙanne biyar, ga maganar aure an fara. Da na gaya masa abin da nake so bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi to ai mu ma talakawan ne. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Fayil goma sha ɗaya ne a hannuna na mutanen da suke tsare. In na tafi ji nake na ci amanarsu, in na zauna na ci amanar gida. Dan Allah ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari mu fara da maganar Baba, domin gaskiya ya faɗa maka, kuma ina so ka daina jin ta kamar gori. Mutumin da ya sayar da gona ba rarar kuɗi ya ba ka ba, abincin gidansa na shekaru masu zuwa ya ɗauka ya zuba a kanka, kuma ka san yadda dattijo yake ji da gona, wani ma gadon ubansa ce, duk damina in ya wuce ta gefenta ya ga wani yana huɗa sai ya kau da kai. To wannan mutumin yana da haƙƙi a kan wannan baƙar rigar da farin gashin da kake sawa, shi da ƙannenka biyar. Duk shawarar da za ta sa ka zama gwarzo a kotu amma a gida tukunya ba ta hau wuta ba, ni ba zan ba ka ita ba.

Amma kuma abin da ka gani a gidan yari gaskiya ne, ba zafin ƙuruciya ba ne kamar yadda wasu abokanka za su ce maka. Shekara da shekaru alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali suna nuna kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jira kawai suke. Alhali sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Dokar shari'ar masu laifi ta 2015 ta zo ta ce tsarewar wucin gadi kwana 14 ce a karon farko, kuma ta ɗora wa manyan majistare su riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata suna duba waɗanda ke ciki, jihohi suka yi irin tata, Kaduna a 2017, Kano a 2019. A 2019 ɗin ma aka sauya wa gidajen yari suna aka kawo hukuncin da ba na ɗauri ba irin su aikin yi wa al'umma hidima. Duk waɗannan suna nan a rubuce. Abin da babu shi ne wanda zai ɗauki takardar ya miƙe a gaban alƙali ya ce ranka ya daɗe ga abin da doka ta ce game da wannan bawan Allah. Mai kuɗi yana da mai yi masa wannan kafin ma a rufe ƙofar sel. Mai turin baro ba shi da shi, sai a kai shi kotun majistare da tuhumar da kotun ba ta da hurumin saurara, fashi ko kisa, a ce a tsare shi har shawarar ma'aikatar shari'a ta fito, shikenan fayil ya shiga tsakanin ofis da ofis, ɗan sandan da ya yi bincike a yi masa canjin wurin aiki, mai ƙara ya daina zuwa, shi kuma yana can yana ƙirga azumi na biyu na uku a ciki. Ka fi ni sanin wannan a yanzu tunda kai ne kake shiga duk sati.

Saboda haka ba zan ce maka ka cire abin daga ranka ba. Ni kaina a wannan layin na tsufa. Abin da zan gaya maka shi ne yadda aikin yake in aka wuce shekarar farko, tunda bautar ƙasa tana da wani rufin asiri da mutum ba ya lura da shi, alawus yana shigowa duk wata, ba ka biyan hayar gidan iyali, ba wanda yake jiran ka kawo cefane, kuma kowa kallon ɗan hidima yake maka. Ranar da ka cire kakin nan lissafi ya canza.

Aikin lauyan marasa ƙarfi kashi mafi yawa jira ne. Ka fito tun bakwai da rabi, ka isa kotu a ce motar gidan yari ba ta kawo su ba babu mai, ko alƙali ya tafi taro, ko mai gabatar da ƙara ya ce shaidunsa ba su zo ba, a ɗage zuwa wata biyu, ka fito ka tarar da uwar yaron a bakin ƙofa tun asuba ta taso daga ƙauye da kuɗin motar da ta ranto, kuma kai za ka kalli idonta ka yi mata bayanin me ake nufi da an ɗage. Sau da yawa sai ka sa hannu a aljihu ka ba ta na komawa. Wani lokacin ka yi nasara a ba da beli amma sharaɗin ya ce sai ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza ko mai takardar fili a cikin gari, mutumin da duk danginsa ba wanda ya taɓa shiga ofis, sai ka koma ka sake rubuta takardar roƙon a sassauta sharaɗi. Wani tarar dubu ashirin ce ta riƙe shi, kana gani, kuma kana da dubu ashirin ɗin a asusunka amma ita ce ta ƙarshe. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba, wasu daga cikin waɗanda kake wa wahalar za su yi maka ƙarya, wasu za su zarge ka da cewa ɗaya ɓangaren ya saye ka saboda a tunaninsu abin kyauta ba ya kyau, wasu ranar da suka samu ɗan kuɗi za su ɗauki lauyan biya ba ko sallama. A cikin 'yan uwanka lauyoyi ma za ka ji ana ce maka lauyan caji da beli. A unguwa kuma a ce kai ne mai fito da ɓarayi.

Wannan ta ƙarshen kada ta dame ka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa masu kawo masa ƙara cewa wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujjarsa sai a yanke masa hukunci bisa abin da aka ji, kuma wanda aka ba shi haƙƙin ɗan'uwansa ta haka to yankin wuta aka yankar masa. Kai aikinka ka tsaya wa wanda bai iya tsara hujjar ba, wanda ko Turancin da ake tuhumarsa da shi ba ya ji. Iyakarka dai kada ka shirya ƙarya, kada ka koya wa shaida abin da bai gani ba, kada ka kai wa kowa ambulan. In ka kiyaye wannan ka kwana lafiya.

Akwai wani yaro da ba na mantawa, ba zan faɗi gari ko kotu ba. An kwashe su ne a samame a wata tasha, shi yana sayar da rake, sauran duk 'yan uwansu suka zo suka fitar da su shi ba wanda ya san inda yake, a gida har an yi masa addu'ar uku da ta bakwai an fitar da rai. Shekara uku da wata huɗu ya yi. Da na same shi ko lambar ƙararsa ba a sani ba, sai da na yi sati shida ina bin rajista ɗaya bayan ɗaya kafin na gano takardar da aka tsare shi da ita, kuma ranar da aka sallame shi zaman bai kai minti goma ba. Minti goma ƙanena. Muka fito ya tsaya a bakin titi ya kasa tsallakawa saboda ya manta yadda mota take gudu, sai da na riƙe hannunsa. Bayan wata biyu mahaifiyarsa ta zo ofis da ƙullin gyaɗa da zabi biyu, ta zauna a ƙasa ta ƙi hawa kujera tana ta addu'a har sai da kowa a ofishin ya yi shiru. Na san irin wannan ranar ce ta kama maka zuciya, kuma ba abin da ya kai ta daɗi a aikin lauya. Amma a shekara irinta ba ta fi a ƙirga da yatsu ba, sauran ranakun waɗancan ne da na lissafa maka, kuma mai yunwa ba ya iya jure su.

Na ga masu zuciya irin taka da yawa. Waɗanda suka shigo da cewa su ko ba a biya su ba za su yi, yawancinsu ba su kai shekara uku ba. Haya ta taso, mata ta haihu, uwa ta kwanta asibiti, sai mutum ya wayi gari yana jin haushin talakan da ya zo taimaka wa, daga nan ko ya bar aikin gaba ɗaya da ɗacin rai, ko kuma abin da ya fi muni ya fara karɓar na goro a hannun mutanen da aka ce kyauta ake musu, ya fara raba kuɗin beli da waɗanda ake rabawa da su. Ba mugaye ba ne, da niyya mai kyau suka fara, ba su yi wa kansu tanadi ba ne. Waɗanda na ga sun yi shekara ashirin suna wannan aikin kuma har yau ana amfana da su, kowannensu yana da inda abincinsa yake fitowa.

Ka duba Gani Fawehinmi da kowane ɗalibin lauya yake kiran sunansa. Tun a 1969 ya tsaya wa wani ma'aikacin masana'anta a Jos a kan wani babban jami'in gwamnati har abin ya kai shi ga tsarewa, ya yi ta shiga kurkuku yana fita a zamanin soja, ɗalibai suka laƙaba masa babban lauyan talakawa tun kafin a ba shi SAN, wato muƙamin babban lauyan Najeriya, a 2001, ya rasu a 2009. Abin da ba a cika gaya wa matasa ba shi ne mutumin yana da cemba mai ƙarfi a Legas da manyan shari'o'in kuɗi, kuma tun tsakiyar shekarun 1980 yake buga rahoton hukunce-hukuncen kotu na mako-mako da kusan kowace cemba a ƙasar nan take saya. Da wannan ya riƙe na kyautar. A nan arewa kuma ka duba Hauwa Ibrahim 'yar jihar Gombe, tana cikin lauyoyin da suka kare Amina Lawal, matar da aka yanke wa hukuncin jifa, har kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a Katsina ta soke hukuncin a watan Satumba na 2003, daga baya Majalisar Turai ta ba ta lambar yabo ta Sakharov ta kare haƙƙin ɗan Adam a 2005. Abin lura a wannan shari'ar, da hujjojin fiƙihun Malikiyya aka yi nasara a gaban alƙalan shari'a, wato ilimi ne ya yi aiki. Na kawo maka wannan ne don ka san tausayi shi kaɗai ba ya fitar da mutum daga kurkuku, sai ka iya aikin fiye da lauyan da ke ɗaya ɓangaren, kuma a arewa in ba ka san gado da aure da saki da riƙon yara da shuf'a (fifikon abokin tarayya wajen sayen kason da za a sayar) a fiƙihu ba to rabin matsalar talaka ta wuce ka, domin ba duka ne a gidan yari suke ba, da yawa zawarawa ne da aka hana su tumunin takaba da marayun da baffa ya cinye musu gida.

To hanyoyin da mutum yake bi ya rayu a wannan aikin. Akwai ta gwamnati, Hukumar Legal Aid mai tsaya wa marasa ƙarfi a kotu kyauta, da aka kafa a 1976 a mulkin soja, yanzu tana aiki da dokar 2011, tana da ofis a jihohi, kuma dokar ta ce asali wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba shi ake yi wa, wanda tun 2024 naira 70,000 ne. In ka samu shiga nan kana da albashi duk wata da fansho, ba mai yawa ba amma ba ya yankewa, ga shari'o'i har sai ka ture. Sai dai ɗaukar aiki ba kullum ake yi ba, lauyoyin sun yi kaɗan ƙwarai a kan yawan masu buƙata, kuma ka sani ma'aikacin gwamnati kundin tsarin mulki bai yarda ya yi wata sana'a a gefe ba sai noma, saboda haka ba za ka haɗa da cembarka ba. Haka ma'aikatar shari'a ta jiha da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da aka kafa a 1995, kada ka raina su, lauyan gwamnati mai tsoron Allah da yake fitar da shawara a kan fayil cikin sati biyu maimakon shekara biyu ya fitar da mutane da yawa daga kurkuku ba tare da sun san sunansa ba.

Akwai ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a masu zaman kansu, manya irin su PRAWA da LEDAP da WRAPA da ƙungiyar mata lauyoyi FIDA, da ƙanana irin wadda ta neme ka. Masu ƙarfin cikinsu suna biya da kyau, wani lokacin fiye da cemba, kuma za ka koyi rubuta rahoto da neman tallafi da aiki da 'yan sanda a tsarin nan na lauyan da ke zuwa caji ofis ya ga wanda aka kama tun a ranar farko, wanda a ganina ya fi komai amfani saboda a nan ne ake rubuta bayanin da mutum zai dangwala wa yatsa bai san me ke ciki ba. Amma aikin ƙungiya kwantiragi ne, shekara ɗaya ko biyu, kuɗin kuma daga waje yake zuwa, ka ga abin da ya faru a 2025 da Amurka ta tsayar da tallafinta ta rufe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, USAID, mutane nawa ne a ƙasar nan suka wayi gari ba aiki. Wannan ita ce matsalata da tayin da aka yi maka. Sai in mun samu tallafi ba albashi ba ne. Ba na zargin mutanen, wataƙila su ma daga aljihunsu suke yi, amma kai ba ka da aljihun.

Sai hanya ta uku wadda mafi yawanmu muka bi, ka zauna a cemba kana aikin kuɗi, takardun filaye da yarjejeniyar haya da rajistar kamfani da shari'ar bashi, ka ware wani kaso na lokacinka ga waɗanda ba za su iya biya ba. Kuma wannan ba asarar lokaci ba ce ko ta fuskar ci gabanka, dokar Legal Aid ta 2011 ta ce mai neman SAN sai ya nuna ya yi shari'o'in kyauta aƙalla uku, ga shi kuma shekara goma ake nema kafin a naɗa mutum alƙalin babbar kotu, kuma lauyan da ya saba tsayuwa a kotu tun yana ƙarami ana ganinsa. A nan ma kana da abin da sa'o'inka ba su da shi, kai a shekara ɗaya ka yi wa shaidu tambayoyi ka nemi beli ka rubuta jawabin ƙarshe da hannunka, wasu a manyan cembobi sai su shekara biyu suna ɗaukar wa oga jaka suna neman a ɗage zama.

Ga abin da nake ganin ka yi. Kada ka karɓi zaman kuɗin mota a matsayin aikinka. A watan nan da ya rage maka ka taka da ƙafarka ka zagaya cembobin Kano masu matsakaicin ƙarfi waɗanda suke shiga kotu da gaske, ka nemi shugabannin reshen ƙungiyar lauyoyi su haɗa ka da manya, ka gaya wa duk wanda ka zauna da shi gaskiya cewa kana son albashi kuma kana son a bar maka kwana ɗaya a sati da fayil kaɗan na kyauta da sunan cembar. Da yawa za su yarda, musamman mai shirin neman SAN. In ka samu wanda zai biya ka abin da bayan ka cire haya da mota za ka iya tura wa gida wani abu tsayayye duk wata, to zauna a Kano, domin rayuwar Abuja tana cin albashi, sai ka ji adadi mai daɗi amma kana kwana a Mararaba ko Kubwa ko Suleja kana kashe rabi a hanya. Ka zauna da biro da takarda ka lissafa biyun, abin da zai rage a hannunka za ka duba ba abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki ba.

In kuma wata ya ƙare ba ka samu ba, ka tafi Abuja, kuma ka tafi da zuciya ɗaya ba kana waiwaye ba. Ka ba shi shekara biyu zuwa uku, ka koyi rubutu mai tsafta da shari'ar kotun ɗaukaka ƙara da yadda ake tafiyar da ofis, ka taimaki Baba ya farfaɗo, ka sa ido a kan ɗaukar aikin Legal Aid da manyan ƙungiyoyi tunda hedikwatar Legal Aid da na wasu daga cikinsu a can suke. Talaka bai ƙare a Kano ba, akwai gidan yari a Kuje akwai a Suleja akwai a Keffi, kuma cike suke da 'yan arewa masu acaba da 'yan ga-ruwa da 'yan bola jari da ba su da lauyan da ke jin Hausa. Ka yi rajista da Hukumar Legal Aid a matsayin lauya mai zaman kansa da ke karɓar shari'ar kyauta, ka riƙe biyu ko uku a lokaci ɗaya, kada su wuce haka.

Na ce kada su wuce haka saboda ni na taɓa yin wannan kuskuren kuma har yau yana damuna. A shekarata ta huɗu ba na iya cewa a'a, duk wanda ya zo da kuka sai in karɓa, har fayil ya haura arba'in a hannuna ni kaɗai. Wata rana shari'a biyu suka haɗu a kotu biyu, na manta da ɗaya gaba ɗaya ban ko aika wani ya tsaya min ba, ranar kuma za a saurari neman belin wani dattijo mai ciwon suga. Aka ɗage, hutun kotu ya shigo, ya ƙara wata biyu da rabi a ciki saboda ni. Da na je ganinsa bai ce min komai ba sai sannu da ƙoƙari, ƙafarsa ta kumbura. Tun daga ranar na sa wa kaina adadi, in ya cika sai in tura mutum wurin wani lauyan ko da zai ji haushina.

Wannan ya kawo mu kan sha ɗayan da ke hannunka, kuma nan ne amanar take da gaske. Tafiya ba cin amana ba ce, tafiya ba tare da ka miƙa su yadda ya kamata ba ita ce cin amana, kuma abin da 'yan hidima da yawa suke yi kenan, su karɓi takardar sallama su bar fayil a durowa. Daga gobe ka ɗauki kowane fayil ka rubuta masa shafi ɗaya a sama, sunan kotu da lambar ƙara da ranar zama ta gaba da inda aka tsaya da abin da ya rage da lambar wayar ɗan'uwansa. Waɗanda saura ƙiris, misali neman beli ko wanda mai ƙara ya daina zuwa da za a iya roƙon a kori ƙarar, ka matsa ka gama su a watan nan. Waɗanda suka daɗe fiye da hukuncin da za a yanke musu ko da an same su da laifi, ka rubuta sunayensu ka kai wa shugaban ofishinku a sa su cikin jerin da ake gabatar wa babban jojin jiha in ya kai ziyara gidan yari. Sauran ka miƙa su hannu da hannu ga lauya mai suna, ba ga ofis kawai ba, ka shiga da shi ciki ka gabatar da shi ga kowane ɗaya, ka gaya musu da bakinka cewa za ka tafi ga wanda zai ci gaba. Mutumin da ke tsare ya saba da a yi masa alƙawari a ɓace, kada su ji labarin tafiyarka a bakin gandiroba. Ita kuma ƙungiyar ka ci gaba da zumunci da su, ka ce in tallafin ya zo da albashi a rubuce su neme ka.

Maganar aure ba ka yi bayani sosai ba, amma ka gaya wa yarinyar gaskiya tun yanzu. Mutane suna jin barista sai su hango mota da gida a GRA, ka zaunar da ita ka ce mata ga irin lauyan da kake son zama, za a ci a sha insha Allah amma sa'o'inka za su riga ka yin mota, kuma wata rana za a buga maka waya ƙarfe ɗayan dare daga caji ofis. In ta amince da saninta za ta zame maka ƙarfi, in an ɓoye mata kuma kowane fayil na kyauta zai zama rigima a gida.

Shi kuma Baba kada ka yi masa wannan maganar a waya. Ka je gida ranar Juma'a, bayan an sauko ku zauna ku biyu, ka fara da cewa ka ji maganarsa kuma ka yarda da ita. Ka faɗa masa adadin da za ka riƙa turowa duk wata ko da kaɗan ne, ka ɗauki nauyin makarantar ɗaya daga cikin ƙannenka da sunansa, kuma ka gaya masa kana da niyyar mayar masa da gona, waccan in mai ita zai sayar ko wata kusa da ita, ka buɗe asusu daban don wannan ko dubu biyar-biyar ne. Sannan ka ba shi labarin mutum ɗaya daga cikin sha ɗayan nan, ɗaya kawai, yadda aka kama shi da shekarun da ya yi da abin da ya rage a fitar da shi. In da hali kafin ka gama hidimar ka ɗauko shi ya zo kotu ya zauna a baya ranar da za ka nemi belin wani. Ka rubuto min bayan kun yi maganar, kuma ka haɗo da lissafin nan na Kano da Abuja in duba maka. Allah Ya yi maka zaɓi mafi alheri, Ya saka wa Baba, Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare ba da haƙƙinsu ba.